Dokin da ke gaban sarki

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, bayana ne kawai yake ƙorafin tsayuwa gaban inji.

Kin ce maƙwabcinmu ya sake cinye ki a wasan ces, wato darar Turawa, don yana fito da sarauniya tun farko. Kada ki firgita. Ki kare sojan da ta nufa, sannan ki yi ta korarta. Tana yawo, mayaƙanki suna fitowa.

Dokinki da kika ce maƙwabcin ya hana ki ɗagawa a wasan kuwa, gaskiyarsa ce. Sarkinki yana bayansa, in ya gusa an kama sarki. Dole ya tsaya sai an samu mai canjinsa.

Umma tana ta tambayar ranar dawowata. Ki nuna mata dokin nan, ni ma haka nake.

Allah ya ba ki sa'a.

Yayanki