Zannuwa Masu Duhu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya rufa asiri, ya raya mana zuri'a. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarki da ta ƙi ƙarewa. Jaririyata ta fara rarrafe, ta addabi shagon ɗinkina, zare da almakashi duk sai na ɗora su can sama. Inna kuwa jiki ya yi nauyi, gwiwoyin nan sun hana ta sakat. Yanzu daga ɗaki sai bakin ƙofa, ta zauna tana kallon titi, duk motar da ta tsaya sai ta miƙa wuya. Kowa ya san wa take dubawa.

Yaya, kin san ni ban iya ɓoye-ɓoye ba, bari in gaya miki abin da ake cewa a gida. Tun zuwanki na ƙarshe, bayan haihuwar autanki, kowa ya ɗauka kin canza mana. Ke da in kika yi dariya sai maƙwabta sun leƙo, kika zo kika raɓe a gefen tabarma kamar baƙuwa. Kawu direba ya kawo labaran nan nasa na tasha, kowa yana riƙe ciki, ke kuwa kika matse baki kika tashi. Inna ta kawo miki ruwa kika ce ba ki jin ƙishi, ta haɗa shayi kika ce sai an jima. Ko yaro ya miƙo hannu ki ɗauke shi sai ki ce bayanki na ciwo. Tun da kika koma, duk kiran da aka yi miki sai ki ce hanya ta yi nisa. Goggo ta ce zaman nesa ne ya sa miki girman kai. Inna kuwa ta ɗauka wani laifin ta yi miki, tana ta tambayata ko kin taɓa faɗa mini.

Ni abin da ya ɗaure mini kai ɗinkinki ne. Ke da ba ki da zaɓi sai ja da ruwan ƙwai, kika aiko in ɗinka miki zannuwa baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, kuma in sa musu shafi mai kauri ta baya. Na ɗinka ina ta mita, ina cewa a wannan zafin wa ke sa shafi.

To, sai na haihu. Naƙudar ta daɗe, na sha wuya. Bayan na koma shago, wata rana ina gwada wata mata na yi atishawa, sai na ji ɗumi yana bin ƙafata. Na sandare da ma'auni a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Daga nan abu ya zama kullum: in na yi tari, in na yi dariya, in na ɗaga bokiti. Na rage shan ruwa, na koma ninke ragowar ƙyallayen ɗinki ina sawa, ga tsoron kada wani ya ji wari. Rannan na shiga wurin mai yadi in saya wa kaina, hannuna ya tsallake masu haske duka ya sauka kan baƙi, sai mutumin ya tambaye ni ko Yayata ce ta sake aikowa. Wallahi a nan na gane komai. Na fito ban sayi ko ƙyalle ba, na zauna a shago na yi kuka, kuma ba kaina nake yi wa ba. Ashe shekarun nan duk ke kaɗai kike fama, mu muna nan muna ƙulla miki laifi.

Akwai wata nas da nake ɗinka wa kayan aiki. Da ta zo karɓa na yi ta kewaye-kewaye, na ce wata maƙwabciyata ce ke da wannan matsala. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce duk matan da ke tambayarta maƙwabciya suke tambaya wa, don haka in kawo maƙwabciyar asibiti da safe, ko da ƙafafuna za ta zo. Na je ina jan mayafi, sai na tarar da benci cike da mata, har da malamar makarantar yaran unguwarmu da mai sayar mini da maɓallai. Muka haɗa ido, kowa ta sunkuyar da kai, can kuma aka fara hira.

Likitar mace ce, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta duba ni, ta ce abin iri-iri ne. Akwai wanda fitsari ke zuba ba tsayawa saboda rauni da doguwar naƙuda ta jawo, wannan aiki ake yi a gyara. Nawa kuwa naman da ke riƙe mafitsara ne ya saki. Ta koya mini in riƙa matse ƙasana kamar mai riƙe fitsari, in ɗan tsaya, in saki, sau da yawa a rana, kuma in yi haƙuri don sai an ɗauki watanni. Ta yi mini faɗa kan ƙin shan ruwa, ta ce fitsarin ƙara ƙarfi yake ya dami mafitsara. Ta ce in hakan bai isa ba akwai sauran hanyoyi. Yanzu a kan keken ɗinki nake yi, ina taka keke ina matsewa, ba mai sanin ina aiki biyu. Ban warke sarai ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma makon jiya na yi dariya har da hawaye, na tashi zanena a bushe. Ban san wane iri ne naki ba, sai an duba. Don Allah ki je asibitin da ke kusa da ku, ko ki zo in raka ki wurin tawa likitar. Ina kewarki, Yaya, kewar da ban san yadda zan rubuta ta ba.

Ki gaida maigidanki, da babbar 'yarki, da autan da bai san mu ba sai a hoto. Baban jaririya yana gaishe ku, haka Kawu da Goggo.

Saƙon Inna na bari ƙarshe. Ban faɗa mata naki ba, nawa kawai na ba ta labari ina shafa mata magani a gwiwa. Sai ta tambaye ni ko shi ya sa kika ƙi shan ruwanta. Na ci gaba da shafa maganin. Ta share ido da bakin ɗankwali, ta ce in rubuta miki haka: "Ni na wanke tsummanki kina jaririya, ban taɓa toshe hanci ba. Ki zo ki jiƙa mini tabarma, zan wanke, tun ina da hannun wankewa."

Taki har kullum,
Ƙanwarki tela