Abin da Na Rubuta a Shafin Ƙarshe na Kiɗanki

Zuwa ga taubashiyata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yaran da kike koya wa kiɗa a can bakin tekun yamma. Mu nan garin Mitchellville lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Anti, mahaifiyarki, tana nan ƙalau. Kawu, mahaifinki, ya ajiye aikin asibiti, kuma ƙarshen watan nan zai koma Zariya gaba ɗaya. Na san Anti ta gaya miki. Na kuma san ba ki kira shi ba.

Na sa wasiƙar nan a fili, inda mutanenmu na nan za su karanta, saboda a fili aka zargi mahaifinki, a gidajen suna da bakin masallaci. To a fili ya kamata a wanke shi. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ban taɓa zama a aji ba, allo na sani, bokon nan ma a waya na tsince shi. Ki bi shi a hankali, in wata kalma ta fi ƙarfinki ki tambayi Anti.

Kin tuna ranar da na sauka gidanku da jaka ɗaya? Kawu ya dafa kafaɗata ya ce miki, "Ga ɗan Gwaggonki. Taubashinki ne. Duk abin da ya yi miki wasa ne, ke ma ki rama." Ke da aka haifa a nan ba ki san mene ne taubashi ba, sai da Anti ta fassara miki: ɗan mace da 'yar namiji, tsokana halal ce a tsakaninsu, kuma ba a fushi. Ni kuwa na karɓi maganar nan kamar an miƙa min lasisin tuƙi.

Ni na zuba miki yaji a shayi. Ni na cika miki takalmi da ƙanƙara. Ni na ɓoye ƙullin daddawa a cikin akwatin gogenki, kika je makaranta kika buɗe shi a gaban malama da 'yan aji. Kin dawo kina haki, Hausa ta gudu ta bar ki, sai nuna ni kike yi da yatsa kina cewa, "Kai! Kai! Mugu!" Sau ɗaya kika rama, ranar Juma'ar da kika saka takalmina a firiza. Na je masallaci ina tafiya kamar agwagwa, kuma wallahi ranar na ji daɗi, na ce yarinya ta fara zama Bahaushiya.

Ban fahimci aikinki ba a lokacin. Ni a sanina makaɗi yakan ɗauki gangarsa ya buga. Ke kuwa sai ki sauka ɗakin ƙasa ki zauna gaban fiyano da fensir a kunne, ki danna sau uku, ki rubuta, ki goge. Layi biyar-biyar, da ɗige-ɗige baƙaƙe a kai. Na ce miki kashin awaki ne aka shanya a igiya. Kika ce kowane layi na rukuni ɗaya ne, wannan na masu goge, wannan na masu sarewa, wancan na masu ƙaho, na ƙasa na ganguna, kuma in aka haɗa su dandali guda ne cike da makaɗa. Na ce to ina makaɗan? Ashe ba ki taɓa jin mutane sun buga abin da kika rubuta ba, sai dai kwamfuta ta kwaikwaya miki.

Shi ya sa gasar nan ta zama miki komai. Gasa ce ta matasan duniya masu tsara kiɗa, kowa ya aiko da nasa daga ƙasarsa, wanda ya ci babbar ƙungiyar makaɗa za ta zauna ta buga nasa a gaban jama'a. Akwai iyakar shekaru, kuma waccan ce shekararki ta ƙarshe.

Kawu bai taɓa hana ki ba, amma bai taɓa sauka ɗakin ƙasa ya saurara ba. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Kiɗa ba sana'a ba ne, Bilki. Ki yi likitanci, kiɗan ya zama na ranar Asabar."

Akwai wata rana da ban manta ba. Ina kicin ina jiran ruwa ya tafasa, ina buga cokula biyu a tebur irin yadda matan gidanmu ke lugude a turmi ɗaya. Kika hauro da gudu kika ce in sake. Na sake. Kika ce in sake. Sai da na buga har hannuna ya gaji, kina tsugune kina rubutu a bayan takardar cefanen Anti. Daga baya kika nuna min wajen a layin ganguna kika ce, "Nan kai ne." Na ce in an ci gasa rabi nawa ne. A zuciyata kuwa, ba wanda ya taɓa saka ni cikin wani abu mai daraja irin wannan.

Yanzu ga abin da na zo faɗa.

Ranar ƙarshe ta aika takardu kina da jarrabawa da sassafe. Ni kuma lokacin na fara tuƙa tasi, hanyata ta cikin gari ce. Kika ɗauko babban ambulan daga teburin falo kika miƙa min da hannu biyu. Ba ki liƙe shi ba, kika ce a gidan waya za su auna su liƙe. Kika yi min bayani, kuma don kada in ce ban ji Turanci ba, da Hausa kika yi: alƙalan gasa ba sa son sanin mai aikin, lamba kawai ke kan takardun, sunanki yana cikin wani ƙaramin ambulan daban. "Ba suna, Sabi'u. Ba komai. Kada ka taɓa."

Na ji. Ba zan ce ban ji ba.

Na sauke wani fasinja wajen ofisoshin jakadanci, na sami gefen titi kusa da gidan waya na tsaya. Na ce bari dai in leƙa. Na buɗa shafi bayan shafi har na ƙarshe. A ƙasan layin ƙarshe akwai fili fari, faɗin tafin hannu. Mu a makarantar allo, wanda ya gama rubuta littafi a irin wannan filin yake sa sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi addu'a. Na sha gaya wa kaina wannan ne ya ja hannuna, wai na ga aiki ba suna kamar maraya. Ƙarya ce. Tsokana ce ta ja hannuna. Na zaro biro daga aljihu, na rubuta da ajami, layi uku:

"An gama da yardar Allah. Aikin Bilkisu ne 'yar Kawu, wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba. A ba ta na ɗaya ko ma huta."

Na yi dariya ni kaɗai a mota har wani mai wucewa ya leƙo. Lissafina shi ne Bature bai iya karanta ajami ba, zai ɗauka ado ne. In kin ci, ranar walima in ɗauko shafin in karanta a gaban kowa, a yi ta dariya. Na shiga gidan waya, aka auna, aka liƙe, na kawo miki rasit da yamma. Kika ce, "Na gode, Yaya." Ba ki taɓa kirana Yaya ba sai ranar.

Bayan wata biyu amsa ta zo, ranar wata Asabar da hantsi. Ba su ce aikinki bai yi kyau ba. Ba su ma duba shi ba. Sun ce an sami rubutun hannu a jikin takardun, kuma dokarsu duk wata alama da za ta iya nuna mai aiki tana fitar da shi daga gasa, ko an iya karanta ta ko ba a iya ba. Suka haɗo da hoton shafin.

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin da kofin shayi. Kin kalli rubutun, ba ki iya karanta shi ba. Amma kin san mutum ɗaya da tun kina ƙarama yake rubuta miki Bisimilla a farkon kowane littafin makaranta, kuma ambulan ɗin a teburin falo ya kwana. Kika miƙa wa Kawu takardar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Kika ce, "Baba, kai ne?" Ya ninke takardar biyu, ya sa a aljihun riga, ya ce, "Allah bai nufa ba, Bilki."

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ni kuma na ɗaga kofi na kurɓi shayi. Bilki, abin da na yi ke nan. Bakina da ba ya mutuwa, wanda ba a taɓa zama da ni minti biyar ban ce wani abu ba, ranar ya mutu murus. Na ji tsoron Anti. Na ji tsoron a ce in tattara jakata. Na ce bari ƙura ta lafa, gobe zan faɗa.

Goben nan yau shekararta shida.

Kin gama makaranta, kika nemi aiki a wuri mafi nisa da taswira ta nuna miki. Kina kiran Anti kowace Lahadi. In Kawu ya ɗauka sai ki gaishe shi kamar baƙo, ki ce a ba Umma. Sallah nawa ta wuce kujerarki ba kowa. Ni kuwa har yau kina turo min hotuna, kina tambayata yaya tasi. Kowane saƙonki in ya shigo sai in ji kamar na haɗiyi garwashi, sannan in mayar miki da abin dariya.

Labari ya zaga, kin san mutanenmu. A wani suna a garin Clinton na ji wasu na cewa Likita ya yi daidai, ya raba 'yarsa da kiɗa ta hanyar hikima. Wasu na cewa ai wannan mugunta ce, mutum da iliminsa. Ina zaune a tsakiyarsu da farantin shinkafa a cinya. Aka juyo aka ce, "Kai da kake gidan, me ka gani?" Na ce, "Allah dai ya kyauta." Na ci gaba da cin shinkafata.

Juma'ar da ta wuce ni na dawo da Kawu daga masallaci. Gidan duk kwalaye, ya fara ɗaure littattafansa. Kafin ya fita daga mota na kashe inji na ce ina da magana. Na fara kame-kame, ban kai ko rabi ba ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Na sani tun ranar. Wa ke jan wutsiyar baƙi a rubutun ajami har ta taɓo layin ƙasa in ba kai ba?"

Na ce to me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Uwarka ta damƙa min kai tana kuka. Da na faɗa ranar, Antinka ba za ta bari ka ƙara kwana a gidan nan ba, kuma ba ka san kowa a ƙasar nan ba. Na ce Bilki tawa ce, ko ta yi fushi ba inda za ta." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ban zaci fushin zai yi tsawo haka ba. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka."

Na taɓa shan duka a hannun malam har na kasa zama. Bai kai wannan ciwo ba.

Ba na roƙon ki yafe min yanzu. Wasan taubasai yana da iyaka, kuma ni na tsallake ta da idona a buɗe. Na cinye miki damar da ba za ta dawo ba, sannan na tsaya ina kallo aka ɗora wa wani laifina. In kin ga dama ki share lambata, ba zan ce kin yi zalunci ba. Anti ma na gaya mata jiya. Ba ta zage ni ba, ta dai tashi ta bar min falon, kuma har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba. Wannan nawa ne, zan ɗauka.

Abu ɗaya nake roƙo. Jirginsa ranar Lahadin ƙarshen wata ne. Mutumin nan bai taɓa takardunki ba. Laifinsa ɗaya, ya rufa wa ɗan 'yar'uwarsa asiri, kuma 'yarsa ya biya da ita. Ki kira shi, Bilki. In ya ɗauka, kada ki ce a ba Umma.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗa miki ƙofar da ta fi wadda na rufe. Allah ya haɗa fuskarki da ta mahaifinki kafin ya taka matakalar jirgi, ya saka masa da alheri a kan abin da ya ɗauka ba nasa ba. Ni kuma Allah ya shirye ni. Amin.

Naki, mai sunkuyar da kai,
Sabi'u