A Roƙi Inna Ta Janye

Daga Jidda

Yaya Jibril,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya gona? Ruwan ban-ruwa ya iso gonarmu ta hawasha kuwa? Ka gaishe min da Inna. Ba wanda ya tambaya, amma lafiyata lau, rana da siminti ne dai suke rabona tsakaninsu.

Na ji masu sayar da ƙwaya a garin Managil sun bar bakin kasuwa sun koma cikin waya, suna farautar yara. Ni kuwa da gumina na saya wa ɗana Almu waya. Hankalina ya ƙi kwanciya, sai na ari wayar Yahya abokin aikina, na rubuta wa yaron: "Ya zol, abokina, akwai ƙwayar da ke sa karatu ya zauna, ta farko kyauta."

Bai amsa ba, ya kai wa Inna. Alhamdu lillahi, haka nake so. Amma wa ya aike ka ka raba wa duk ƙauye lambar? Yahya ko sigari ba ya sha, ga shi yana shan zagi har daga garin Suki. Inna ta aiko da murya, wai Allah ya karya bayan wanda ya rubuta, ina jin muryarka kana amin.

To, ni ne. Ka lallaɓa ta ta janye, bayan nan da take so a karya shi ke ciyar da ku. Amma kada Almu ya ji. Ranar da na gasken ya rubuto masa, ina so ya sake rugawa wurin Inna.

Ƙanenka,
Adam