Lotsawar Ƙofar Motar Baba

New Bell, Douala

Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya sanyin Faransa? Ya Anti Rabi da yara? Muna lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Tsatsa ta cinye ƙofar motar marigayi Baba, kuma yanzu ba a samun irinta. Sale mai gyaran jikin mota a unguwar Kassalafam ya ɗauki hoton ƙofar da awonta da wayar salularsa, ya tura wa wani kamfani ta intanet su ƙero sabuwa.

Da ta iso, sai ga ta da lotsawar nan da ka yi wa tsohuwar a katangar masallaci ranar da Baba ke koya maka tuƙi. Ashe sun zaci haka ƙirarta take! Sale ya ɗauko guduma, Inna ta yi maza ta ɗora tafinta a wurin. Ta ce, "Kar ka taɓa. Mai motar ma bai yarda an gyara ba. Cewa yake, a nan Ummaru ya zama direba."

Ka sa Baba a addu'a, ka gaida kowa. Inna ta ɓoye makullin, wai ba mai tayar da motar sai ka zo.

Ƙanwarka,
Zainabu