Hannuna a Gwiwar 'Yar Fari

Yindiski, Potiskum
Yuli, 1996

Zuwa ga Yaya Ummul-Khair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki gafarce ni, Yaya, da zan ɗora miki damuwa alhali kina da taki. Da ina da wanda zan faɗa wa ban da ke, da ban ɗauki alƙalami ba. Ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara da duk mutanen Fagge. Mu ma alhamdu lillahi, damina ta kankama.

Maganar 'yarki ce. Ni na haife ta, amma tun yaye ke kika riƙe ta har kika aurar da ita nan garin, ke ya kamata ki fara ji. Tun haɗarin bara a hanyar Gadaka, da motar shanu ta murƙushe bas ɗinsu aka zaro ta daga ƙarƙashin gawar ƙawarta, ba ta sake shiga mota ba. Mun ɗauka zai wuce. Ranar kasuwa, in tireloli suka fara gurnani a karar shanu, sai ta shige ƙuryar ɗaki ta toshe kunne.

Yanzu ciki ya tsufa, jini kuma ya soma ɗiga. Da ƙafa muka taka asibiti. Likita ya ce yana zaton mabiyiya ce ta sauko ta tare hanya, sai an yi mata aiki, a Maiduguri kuma, inda ake da jini a ajiye. Ya ce kada naƙuda ta same ta a gida.

Uwar mijinta, Ya Yakaka, ta ce iska ce, a kama ta a tura a mota, kafin Damaturu ta gaji da ihu. Mijin da ƙanensa suka ciccibe ta. A bakin motar ta suma, jini ya ƙaru. Tun ranar ko hannu mijin ya miƙo mata sai ta takure. Na ɗauko ta gidana.

Maƙwabciyarmu Sista Meram, wadda ke aiki a ɗakin haihuwa, ta zo da wata dabara da ta koyo a wani kwas a Jos. Ana zama gwiwa da gwiwa da mai firgita, a riƙa bubbuga masa gwiwar dama, sai ta hagu, a hankali, yana tuno abin kaɗan-kaɗan, sannan a tsaya ya ja numfashi. Na tambaye ta ko akwai wani abu da ake karantawa, don ba na son abin da zai taɓa mini imani. Ta yi ta dariya, wai ni tsoron Allahna har ya sauko gwiwa. Ta ce ba tsibbu, ba surkulle, in na so in yi salatina ina yi.

Ta gwada mata, na ga kafaɗunta sun sauko. Amma Sista ba za ta bar aiki ta bi mu ba. Ta ce sai wanda yarinyar ta amince da hannunsa, wanda in hankalinta ya tafi zai kira sunanta ya dawo da ita. Yaya, 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama da ita tabarma ɗaya ba. Hannunki ta sani. Don Allah ki zo.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Hajjo


Yindiski, Potiskum
Agusta, 1996

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙafar? Direban Kano ya kawo takardarki. Wallahi ban san kin faɗi kin karye ba, da ban matsa miki ba. Allah ya sa kaffara ce.

Kin ce kunya ce ba haramun ba, in rufe ido in yi. Na yi, amma ba yadda kike zato ba. Na saki labule, muka zauna, ita tana kallon bango ni ina kallon tabarma. Da na ɗora hannu a gwiwarta sai da ta zabura, ni ma na zabura. Na rikice har na kasa bambance dama da hagu. Ashe gwiwarta ƙanana ce irin ta Inna, Allah ya jiƙanta. Ban sani ba sai ranar.

Muna yi bayan la'asar. Sista ta ce kada in tambaye ta labari, in bar ta ta faɗi abin da ya zo. Daga baya 'yarki ta ce ba ƙarar ce ta fi damunta ba, warin kashin shanu ne da fetur, da kuma nauyin ƙawarta a ƙirjinta yana yin sanyi. Tana faɗa idonta ya kafe, a buɗe yake amma ba ta ɗakin. Na ce ke, na ce yarinya, na ce baiwar Allah. Ba ta dawo ba. Sunan yana bakina, harshena ya ƙi juyawa. Sai da na aika aka kira Sista. Ta yi mini faɗa sosai, da Hausarta ta Barebari, wai in ajiye kunyata a randa in an sauka lafiya in ɗauko.

Duk da haka akwai ci gaba. Mijin yana kawo motar abokinsa ƙofar gida ya kashe. Ta fara tsayawa kusa da ita, sannan ta dafa ta. Shekaranjiya ta zauna ciki, ƙofa a buɗe, ina bubbuga mata. Da aka tayar da inji ta fito tana amai. Ya Yakaka tana tsaye, ta ce mu dai mu ci gaba da kiɗan gwiwa har jikanta ya mutu a ciki. Tsorona kada a ce ita ce mai gaskiya.

Jiya jini ya zubo fiye da kullum. Likita ya ce ba sauran jira. Gobe bayan asuba za mu kama hanya, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki, Hajjo


Maiduguri
Agusta, 1996

Yaya Ummul-Khair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, kowa kuma yana lafiya. A barandar asibiti nake rubuta miki.

Ta shiga motar da ƙafarta. Ni da ita a baya, mijin da Ya Yakaka sun matsu a gaba. Tun daga Yindiski hannuna bai tsaya ba, dama, hagu, ita tana numfashi kamar yadda aka koya mata, gumi yana tsiyaya daga haɓarta. Mun wuce Mamudo lafiya. Na fara cewa a raina an tsira.

Bayan Damagum wata tirelar shanu ta taso mana a baya. Direbanta ya danne ham, ya zo wucewa, ga ramuka, ya jera da mu ya kasa wucewa. Warin ya cika motar. Na ga idonta ya kafe. Sai hannunta ya tafi kan marfin ƙofa, mota tana gudu, ta fara ja. Na ji ɗumi a zanina, na duba, jini ne. Direbanmu ba shi da wurin tsayawa. Mijin yana salati, uwarsa tana ihun a danne ta.

Ban danne ta ba. Na riƙe gwiwoyin nan na ci gaba, na ce Mubaraka. Muryata ba ta fita ba, na sake da ƙarfi, a gaban surukina. Na ce Mubaraka, ni ce, kina mota, yau ce ba bara ba, ga hannuna. Ban san iya sau nawa na faɗa ba. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, ta saki marfin. Tirelar ta wuce. Daga nan har Maiduguri ba wanda ya yi magana sai ni.

Muna isa aka shige da ita. An ciro mace, ƙarama amma tana tsotso. An yi wa uwar ƙarin jini, jiya ta tashi zaune. Yatsuna sun kumbura, Ya Yakaka ce ma ta shafa mini man zafi.

Saura komawa, hanyar nan dai ce za mu sake bi. 'Yarki ta ce za ta iya in ina kusa. Ta kuma ce a ɗakina take so ta yi wankan jego. Na ce ba ni da wannan ikon sai na tambaye ki, ke kika yi wahalarta, ke ce da haƙƙin wankan fari. In kin ce Kano, zan kawo miki ita da kaina, ba zan ji komai ba sai alheri. Amma ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ina so.

An ce za a sallame mu cikin makon nan. Don Allah ki ba direban Kano amsa da wuri.

Wassalam.
Ƙanwarki, Hajjo