Hawan Jinin Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu da gajiyar asibiti? Mu nan da sauƙi, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Shekaranjiya Auta ta yanke jiki ta faɗi a layin makaranta. Likita ya auna ta sau biyu, ya ce jininta ya hau, ƙiba ce ta jawo. Yarinya 'yar shekara sha ɗaya! Ya ba mu wata guda ta riƙa motsa jiki, in bai sauka ba sai magani. Tun tafiyarki, daga makaranta sai kujera da waya, ni kuma duk abin da ta nuna a shago saya nake, don kada ta yi kukan rashinki. Laifina ne.

Naki,
Baban Auta

Maman Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina.

Na kai ta filin ƙwallo na ce ta zagaya sau uku. A zagaye na farko yara suka fara kiranta buhu. Maimakon in kore su, ita na daka wa tsawa a gabansu. Yau kwana huɗu ba ta ce mini uffan ba. Abinci ma ta daina ci, jiya na tarar da na rana a kwandon shara. Ina tsoron ta sake faɗuwa ba na kusa. Na kira ki sau biyu, na katse kafin ki ɗauka.

Naki cikin kunya,
Baban Auta

Maman Auta,

Sallama da fatan alheri. Na ga amsarki, faɗan ya shiga.

Ranar Asabar famfo ya ɗauke, na ɗauko jarkoki biyu zan hau bene. A hawa na uku numfashi ya ƙare mini, na zube a matakala, gumi sharkaf. Auta ta leƙo ta gan ni. Ta kama wuyan hannuna tana ƙirga bugun jinina kamar yadda kika koya mata. Ta ce, "Baba, kai wa ya auna ka?" Na dai ba ta haƙuri a nan inda nake zaune.

Yanzu kullum bayan la'asar muna takawa ta layin masu gyaran keke, inda ba wanda ya san ta. Ita ke zaɓar hanya. Ta koma cin abinci. Ranar Alhamis za mu ga likita, mu biyu za a auna.

Jiya a kan hanya ta ce in rage surutu, ina cinye mata numfashi. Na ja bakina, na bi ta a baya har gida.

Ki sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Baban Auta