Sauron Farfesa a Ɗakin Inna

New Bell, Duwala.

Yaya Jibirilla,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, yaya Asta da yara, yaya zafin Garwa?

Albishirinka! Jami'a ta ba ni tallafin karatun da aka kafa da sunan marigayi Farfesa Ɗantani, ɗan unguwarmu da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken sauro. Sai dai akwai sharaɗi: duk wanda ya samu, shi zai kula da sauron da Farfesa ya bari a keji, iri guda da ya yi shekaru yana kiwo. In suka mutu a hannuna, aikinsa ya tafi, tallafin ma ya tafi.

To, ruwa ya shiga labo, wato ɗakin bincikenmu, aka raba mana sauron keji-keji kowa ya tafi da nasa gida. Na sauran ɗalibai duk sun mutu, saura nawa. A kan bensikin, acaɓarmu ta nan, na ratso cunkoson Ndokoti da shi, na tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin da muke kwana da Inna. Yaya, ka ga rigima? Gidan da zazzaɓi ya ɗauke mana ɗan'uwanmu Bashiru, nan na kawo sauro ina ba su ruwan sukari! Ga Inna, magariba na yi sai ta kunna maganin sauro. Na rasa zama, na rasa tsayuwa. Don Allah kada ka faɗa mata.

Ƙanwarka,
Hafiza.

Yaya Jibirilla,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ka yi haƙuri da shiruna.

Asiri ya tonu tun makon da na rubuto. Inna na shara ta jawo kejin. Na zaci wuta za ta cinna masa. Na yi ta bayani cewa waɗannan ba su ɗauke da cuta, da su ake gwada maganin da zai kashe na waje. Ta daɗe tana kallonsu, ta tambaya ko da an gama binciken nan da wuri Bashiru zai rayu. Na ce Allah ne masani. Sai ta kwashe maganin sauronta kaf ta ba maƙwabta. Gidan sauro kuwa ta ƙi shi, wai numfashinta yake tsarewa. Na roƙa har na gaji, ka san Inna.

An gyara labo, jiya na mayar da kejin, kowa na yi mini barka. Wallahi ban ji daɗin komai ba. Na waje sun cije ta, Yaya. Tun shekaranjiya tana asibiti, ana ƙara mata ruwa, jiki kamar garwashi. Da ta farfaɗo ɗazu, ba ruwa ta nema ba, tambaya ta yi ko dabbobin Farfesa sun ci abinci.

Tsoro nake ji. Ka hau mota ka taho.

Taka,
Hafiza.